Sabon Kaset ɗin Baba Ya Fi Masu Dashe Sauri

Gwaggo Iyatu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya ƙare.

Ranar Asabar, 14 ga Yuli 2007, bayan sallar la'asar, mahaifina ya kira ni zaure ya ba ni wani kaset da ba a rubuta komai a jikinsa ba. Shi mawaƙin noma ne, duk wanda ya taɓa dashen shinkafa tsakanin Kura da Bunkure ya san muryarsa. Tun kafin a haife ni yake waƙa, Malam Hambali yana yi masa kiɗan ganga. Bana sai ya shiga situdiyo a Kano ya yi waƙoƙi shida da fiyano, babu ganga ko ɗaya. Ya ce tunda na gama jami'a, in saurara in faɗa masa gaskiya kafin ya kai a buga a ƙarshen wata. Yana miƙo min yana murmushi kamar yaron da aka ɗinka wa kayan sallah.

Ni aikin gona na karanta, ban san waƙa ba, kuma ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba. Don haka washegari na tafi da kaset ɗin gonarmu ta bakin kanal ɗin ban ruwa. Masu dashenmu sun saba ajiye rediyo a kan kunya su sa tsofaffin waƙoƙinsa, duk bugun ganga su cusa tsiro ɗaya. Na sa musu sabon. Muryar Baba ta fita tas, ban taɓa jin ta da daɗi haka ba, har idona ya ciko. Amma kiɗan ya fi hannunsu sauri, kuma ba ya sassautawa. Malam Hambali a gona ya koyi kiɗa, yana kallon bayan mutane, in sun gaji ya rage. Kiɗan fiyanon kuwa yadda ya fara haka yake ƙarewa. Layin dashen ya karkace. Lukmanu, babban masu dashen, ya miƙe ya roƙe ni cikin ladabi in mayar da tsohon.

Tun ranar nake kauce wa Baba, shi kuma yana ta tambayar mahaifiyata ko na ce wani abu. Ga abin da ban sani ba: ko Malam Hambali ya san an yi kaset ba da shi ba; ko mutanen birni za su so shi; ko gwajin gona ɗaya ya isa hujja; ko gaskiya Baba yake so daga gare ni, ko yabo.

Ɗan Mawaƙi, Bunkure

Ɗana, ka kwantar da hankalinka, ka kuma daina ɓuya. Shirunka ya fi kowace magana yi wa mahaifinka ciwo, domin yanzu zatonsa babu abin da ya yi maka daɗi a kaset ɗin.

Mutumin da ya tsufa a kan kiɗa ɗaya, in ya yi marmarin wani, bai yi laifi ba. Kuma ba kowace waƙa ake yi don dashe ba, wataƙila waɗannan na motar haya ne da gidan biki. Sai dai masu dashen nan su suka ɗaga sunansa. In za su sayi kaset su kasa aiki da shi, gara ya sani kafin a buga.

Ka fara da muryarsa. Ka faɗa masa yadda ka faɗa min, har da cikowar idon. Sannan kada ka yanke hukunci, ka roƙe shi ya raka ka gona, ka sa kaset ɗin, ka koma gefe. Zai gani da idonsa, kuma ya fi ni da kai sanin gyaran. Zancen Malam Hambali kuwa na manya ne, ka bar musu.

In ya gani ya ce haka yake son abinsa, ka raka shi Kano ka riƙe masa jaka. Allah ya ƙara masa lafiya da murya, ya yi maka albarka.