Gadalin Inna

Mairuwa, daren Laraba, farkon damina

Yaya Sule, sabon Alhaji, ya dawo daga Ikko da buhunan siminti, wai zai daɓe tsakar gida kaf. Ya nuna gadalin da marigayiya Inna ta dasa gindin randa, ya ce, "Hadiza, tumɓuke albasar nan. Ba a aje kayan tsafi gidan Alhaji."

Tsafi! Shekara nawa Inna na zuba mashi ruwan alwalarta, don kawai ta ga farin furensa in damina ta faɗi? Ga shi har ya fara toho.

Na ce, "Yaya, a kewaye shi mana." Ko kallona bai yi ba.

Magina na zuwa da safe. To, na riga na shimfiɗa tabarmata wajen gadalin. Sai dai su daɓe har da ni.