Lissafin Garken Baffa

Dakko, Bakura

Zuwa ga Malam Luka,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, da Mama Cecilia da yara. Ni ce Ummulkhairi Buba, ɗalibarka ta ajin lissafi. Tunda aka katse layin waya ba ni da wanda zan tambaya, shi ya sa na ba direban motar kasuwa wagga takarda.

Daji bai shiguwa bana saboda 'yan bindiga, don haka Baffa zai rage garke. Yana son sai da karsana bakwai ran kasuwa. Na roƙe shi ya dakata in gwada abin a kwamfuta. Na yi matiriks, wato jadawalin lambobi, na haihuwa da mutuwar shanunmu, da wani na yawansu: maruƙa, karsana, iyaye. Na haɗa su da umarnin MatMul, amma manhajar ta maido mini su jere, ba ta ninka ba. Na je canza lamba guda ciki, ta ƙi. Baffa yana ta kallona.

Ɗalibarka,
Ummulkhairi

Talata Mafara

Ummulkhairi,

Mun gode da gaisuwa, kowa lafiya. Kwamfutarki ba ta lalace ba. Nau'in matiriks da kika yi shi ne marar sauyawa, ba a taɓa lambobinsa bayan an gina shi. Ki ɗauki kwafi da umarnin as_mutable, ki gyara a can. Shi kuma MatMul rubuta ninkin kawai yake yi, sai kin sa umarnin doit a ƙarshe zai lissafa. Na haihuwar ya zo hagu, na yawan shanu dama. Ki maimaita ninkin shekara bayan shekara.

Abu guda: lambobin mutuwa daga bakin wa kika same su? Ki tambayi mai kula da maruƙa. A gaida Baffa.

Luka

Dakko

Malam,

Ina gaisuwa da ban girma. Ya yi aiki. Inna Taibatu ce ke kula da maruƙa, ta lissafo mini waɗanda suka mutu da zawo a damina uku, da sunan uwar kowane. Sun fi abin da na sa da farko.

Amsar ba ta yi daɗi ba. Ko ba a sai da karsana ko ɗaya ba, garken raguwa yake yi a hankali. In aka sai da bakwai ɗin, cikin 'yan shekaru tsofaffin shanu kaɗai za su rage. Na ɗauki kwafi na rage mutuwar maruƙa da rabi, sai garken ya daina raguwa.

Na faɗa wa Baffa bayan la'asar. Ya ce in sake ninkawa yana gani. Na sake, amsa ɗaya. Sai ya ce, "To, ashe ba dajin kaɗai ke ci mana shanu ba." Gobe kasuwa, bai faɗi abin da ya yanke ba.

Ummulkhairi

Dakko

Malam,

Gaisuwa ga gida duka. Bijimai biyu Baffa ya kai kasuwa, har da Dikko, wanda ya raina da hannunsa. Bai tsaya ganin an ɗora shi mota ba. Karsana bakwai suna Maradun wurin ƙanensa, inda akwai ɗan wurin kiwo.

Ya ce in tambaye ka ko ka san likitan dabbobi a Mafara da zai yarda ya zo Dakko kafin ruwa ya sauka. Allah shi bar zumunci.

Ummulkhairi