Sarƙar Inna Kulu

Litinin, 6 ga Oktoba
Yau bakina ya ja mini. Amatullahi, jikata da ta koyi ƙira a Kano, ta ce za ta ƙera sarƙar kakata Inna Kulu, wadda nake ba jikokina labarinta tun suna goyo. Ta zauna da fensiri, wai in bayyana mata. Na bayyana: azurfa, dutse mai bakan gizo a ciki, lu'ulu'u kewaye kamar raɓa. Ban gaya mata ina 'yar ƙanƙanuwa aka sayar da ita shekarar yunwa ba. Sauran duk na cike da gishiri.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Ta nuna mini dutsen, wai sunansa ofal. Na juya shi a rana, kore, ja, shuɗi. Wallahi ya fi ƙaryata kyau.

Asabar, 18 ga Oktoba
Tashin hankali. Matar da za ta saya daga Abuja tana son shaidar wanda ya ga ta ainihin. Yarinyar nan ta ce, "Kaka, ba Hajjo ta Kalgo ta gan ta ba?" Hajjo! 'Yar ƙanen babana, wadda kullum take cewa tagulla ce da kwalba. In ta buɗe baki, aikin ɗiyar nan ya tashi a banza.

Talata, 28 ga Oktoba
Ta gama. Yatsunta duk ƙuna. Ban iya tsokanarta ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba
Kalgo. A mota na shirya zagi kala-kala. Mun tarar da Hajjo a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "A'a, sarauniyar maƙaryatan Gwandu, da rai?" Na ce da rai, sai na ga bayanki.
Amatullahi ta durƙusa ta buɗe ƙyalle, ta kunna waya tana ɗauka. Hajjo ta daɗe tana kallo. Ta kalli yatsun yarinyar. Ta kalle ni.
"Wanga dutse ya fi na Inna," in ji ta. "Amma wannan lanƙwasa ta wuya, ita ce. Haka take kwanciya a ƙirjinta in ta sunkuya tana damun fura."
Sai ta goge ido da gefen mayafi, wai hayaƙi. Ba wuta a gidan.
Na yi guɗa har awaki suka watse!

Laraba, 5 ga Nuwamba
An saya. Har da kalmar Hajjo cewa dutsen sabo ne, matar ta ce hakan ta fi so. Na zagaye unguwa gida-gida, ko ciwon gwiwa ban ji ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba
Yara sun ce in sake labarin sarƙa. Na ce su bari sai Hajjo ta zo ran Lahadi, ta fi ni tuna wuyan Inna. Na sa a jiƙa geron fura.
Ba don komai ba. Tsohuwar ba ta da haƙoran cin tuwo ne.