Shekarun Kat-san-kat

Kara-Kara, Damagaram
4 ga Maris

Zuwa ga maigidana Rashid, wanda ya gudu Yamai ya bar ni da cefane,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Safiya da jaririyarku. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa tun bara ta daina jin magana. Na ce a daina miƙo mini salula, kunnena ba ya kama komai a ciki sai shuuu. Aji uku na yi a lakwal, sun ishe ni in rubuto maka takarda. In ka ga kuskure ka haɗiye.

Babanka ya gama magana da Ɗan Azumi mai yankan ƙarfe. Asabar ɗin ƙarshen wata zai zo ya yayyanka motar kakanka, a gina shago a wurin. Wai shekara ashirin tana cin rabin tsakar gida, ba mai morar ta sai kaji. Na ji ka roƙe shi, ya ce in ka samo mata takarda kafin ranar, taka ce. Allah ya yi maka albarka. Duk gidan nan kai kaɗai ka tuna Fijo kat-san-kat ɗin nan ita ta ciyar da mu.

To ga amsar tambayoyinka, tunda ka mai da ni makanike da tsufana.

Kakanka marigayi Malam Alkasum ya saye ta a 1972 hannun wani Nasara malamin makarantar lise da zai koma gida. Ya ce mini shekararta huɗu a lokacin. Babanka kuma ya rantse 'yar 70 ce, shi da yake rarrafe sa'ad da ta shigo gidan. Kartgiriz ɗinta, takardar shaidar mota, gara ta cinye, ta bar mana kusurwa ɗaya da rabin hatimi.

Agogon gudu dogo ne a kwance kamar rula, ba zagaye uku ba ne. Sandar bitas, ta sauya giya, a jikin sitiyari take. Shuɗin fentin nan ba nata ba ne, na kankare bayan ƙofa da cokali, ƙasansa ruwan toka ne, kuma haka na san ta. Rediyo da shi ta zo. Kilakson kuwa, wato hon, na kamiyo ne, babbar motar kaya, kakanka ya sa shi don shanun hanyar Gaffati sun raina na asalin.

Ɗan ƙarfen nan mai lamba da ka ce a duba a ɗakin inji, an ɗaga murfin, babu shi, sai huda biyu. Lambar da aka buga a jikinta kuma tsatsa ta cinye. Kada ka tambaye ni inda ya shiga.

Ka gai da Safiya, ka ce ta riƙa sa maka mai a miya, na ga hotonka.

Kakarka,
Zuliha

Kara-Kara
13 ga Maris

Rashid,

Ina gaishe ka, ya aiki, ya iyali? Takardarka ta iso hannun direban kar, motar fasinja. Na karanta ta sau uku, tuwon rana bai shiga ba.

Ka ce dogon agogon ya nuna ta girmi abin da kakanka ya faɗa, amma in babu lambar nan ba a ba ka takarda, ba ka kuma san kayan wace shekara za ka nema ba. Ka ce in yafe maka, ka gaza. Ba ka gaza ba, ɗan nan. Ni ce zan nemi yafiya, kuma ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Shekarar fari, 84, hatsi ya ƙare, fasinja suka ƙare. Kakanka ya yanke shawara zai sayar da mota ya bi ayari zuwa Libiya neman aiki. Maza uku na unguwarmu sun tafi kafin shi, ɗaya ne ya dawo. Na yi kuka, na aika wa yayansa, bai ji ba. Sai na ji mai sayen, wani mutumin Magarya, yana cewa ranar Asabar zai zo ya gwada lambar takarda da ta jikin mota. Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci, na ɗaga murfin na tokare da taɓarya, na ɓamɓare ɗan ƙarfen da wuƙar yankan kuɓewa. Har yau akwai tabon a babban yatsana, wanda na ce maka kare ne.

Mutumin ya zo, ya ga huda biyu, ya dubi kakanka irin duban da ake yi wa ɓarawo, ya tafi ko ruwa bai sha ba. Magana ta zaga tasha, ba wanda ya sake tayawa. Malam ya yi wata guda ba ya dariya. Daga baya ya koma jigila tsakanin Damagaram da Gouna, muka ci wuya, muka rayu. A ɗakinsa ya rasu, kansa bisa cinyata. Ban taɓa gaya masa ba. Sau da yawa na buɗe baki, sai in ce masa ga goro.

Ɗan ƙarfen nan kuwa, jefar da shi ban iya ba, ɓoye shi a ɗaki kuma ina tsoro. Na naɗe shi a tsumma na kai wa baduku ya ɗinke da jar fata, na ce laya ce da wani malamin Gouna ya ba ni, wanda ya buɗe zai makance. Ka gane ta? Ita ce babanka ya rataya ya shiga jarrabawar birbe. Ita aka ɗaura maka da ka yi ƙyanda. Bara ma Safiya ta aro ta da za ta haihu, ban da bakin hanawa. Na sha istigfari a kan wannan, Allah ya sani.

Jiya na farke ta da reza, idona kuma ƙalau. Ga shi nan cikin ambulan, na naɗe da ƙyalle, lambobin suna nan fes kamar yau aka buga. Ni zan gaya wa babanka da bakina, kada ka riga ni.

Taka,
Zuliha

Kara-Kara
2 ga Afrilu

Zuwa ga angona Rashid,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kamiyon ya isa da motar lafiya, ba a tsinka mata komai a hanya ba.

'Yar 1964! Da babanka ya karanta mini a takardar da ka aiko, na yi dariya har tari ya kama ni. Ashe Malam shekara huɗu ya rage mata. Ban yi mamaki ba, ran da ya zo neman aurena shida ya rage wa kansa. Na gode da ka ce in ban da fenti da kilakson da tayu, kusan komai nata na asali ne. Ban san me ya sa wannan ya yi mini daɗi haka ba.

Na gaya wa babanka maganar layar bayan la'asar, muna zaune a inuwarta. Ya tambaye ni, wato da lambar mota ya ci birbe? Na ce a'a, da bulalar babansa ya ci. Sai ya ce da Malam ya tafi Libiya, da shi ko ajin birben bai kai ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, bai fito ba sai magariba.

Ranar Alhamis shi ya kira maza, shi ya kama baya aka tura ta bisa kamiyo, yana ta faɗa kada a kama ta a ƙofa. Ɗan Azumi ya zo Asabar da kayan aikinsa, ya tarar da fili. Na ba shi fura, ya sha ya yi godiya. Kaji dai har yanzu suna zuwa su tsaya a wurin suna dube-dube. Ni ma haka.

Allah ya saka maka, Rashid. Shekara arba'in ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, kai ka sa na sauke. Allah ya ba ka masu yi maka.

Saura roƙo ɗaya. In ta tashi, kai za ka tuƙo ta har ƙofar gidan nan. Duk shekarun da ta yi tana yawo ban taɓa zama gaba ba, gaba ta fasinja ce, ni kullum ina baya da buhu a cinya. Ka share mini wurin. Kuma ka yi sauri, don ni babu inda ake sayar da kayan gyarana.

Kakarka mai yi maka addu'a,
Zuliha