Tarwaɗar Bayan Idu

Kurudu, Abuja
Ranar Lahadi

Zuwa ga Mashkura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jiki, ya ruwan zafi? Ya maigidan Hajiya, yana kama nono sosai? Ki gaishe min da Hajiya da kyau, ki ce ina godiya da ɗawainiyar wankan nan. Na koma rubutu ne don duk sanda na kira, wayarki tana hannun ƙannenki, maganata kuma gida duka ke jin ta.

Ga wata tarwaɗar nan Ɗangoggo direba zai kawo miki Kano kamar yadda ya saba, an yi mata banda. Irin wadda kika riƙa ci kina da ciki ce, amma wannan ta fi su duka, kanta kaɗai ya cika faranti. Zacharias mai kamun ya so ya ajiye wa wani ogansa, na tsaya masa a ka har ya gaji ya sallama. Maƙwabtana na layin masu waya sun dame ni da tambayar inda nake samowa. Na ce musu Abaji, su je su nema. Kin san ɗan kasuwa ba ya nuna wa na kusa da shi inda yake saro kaya. Tafkin nan na bayan masana'antun Idu, ni da Zacharias kawai muka san darajarsa.

Taki ce ke kaɗai. Mai jego na saya wa, ba taron gida ba.

Mijinki,
Nababa

Kurudu, Abuja
Ranar Laraba

Mashkura,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yaron da Hajiya. Ki yi haƙuri da guntuwar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Kada ki ƙara cin kifin nan. Abin da ya rage ki sa a haƙa rami a binne, ko kyanwa kada a ba.

Jiya wata kwastomata, Malama Kauthar, mai aikin binciken ruwa, ta kawo a canja mata gilashin waya. Ina gwadawa sai ga bidiyon wata ƙatuwar dabbar teku, baƙi da fari, wai orka. Na tambaya don hira, ta yi min bayani. Wai dattin masana'antu idan ya shiga ruwa, ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙaramin, gubar ba fita take ba, taruwa take a kitse. A cikin orka ɗin ma, masu cin manyan dabbobi masu kitse sun fi masu cin kifi ɗaukar guba. Uwar kuma idan ta haihu, a nono take sauke wa ɗanta, ɗan fari ya fi kwasa.

Ni da bakina da ba ya zama, na ce ai mu a nan Allah ya hore mana tarwaɗa kamar cinyar mutum. Ta tambayi ina. A karon farko na faɗa wa wani. Mashkura, matar nan ajiye jakarta ta yi ta zauna. Ta ce akwai kamfanin da ke sako ruwan wankin injinansa cikin tafkin nan, tsohuwar tarwaɗa kuwa mai cin ƙanana tana kwance cikin taɓo ita ce ta fi tarawa.

Na rufe shago na tafi Idu. Na zaga ta baya, inda ban taɓa bi ba, na ga bututun da idona, ruwan yana fitowa da kumfa yana warin fenti. Mai shayin bakin titi ya sani. Masu okada sun sani. Shi ya sa ba mai jefa ƙugiya a wurin, shi ya sa kifin ya samu shekarun yin girma. Ni kuma ina ɓoye wurin kamar na tsinci zinari.

Zacharias ya rantse bai san abin ya kai haka ba, na kuma yarda, don 'ya'yansa ma suna ci, sai dai ƙananan da ba mai saye. Ashe talaucinsa ne ya rage musu gubar. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai kamfanin. Na je ƙofarsu, maigadi ya ce oga ya yi tafiya, ga motarsa kuwa ina gani, ana sauke masa ruwan gora katan-katan. Shi ya san abin da zai sha. An ce jami'ai sun taɓa zuwa, suka ɗibi ruwan a kwalba, suka shiga ofis aka ba su lemo, suka tafi. Ko allon gargaɗi ba wanda ya kafa.

Malama Kauthar ta ce kada ki kuskura ki daina shayarwa, amma ku je asibiti ki gaya wa likita komai. Gobe ki je, don Allah. Na kasa cin abinci, ina ta tuna yadda nake zaɓo miki wurin kitsen da hannuna.

Naki,
Nababa

Kurudu, Abuja
Ranar Litinin

Mashkura tawa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙarfin jiki? Takardarki ta iso, a tsaye na karanta ta a tasha kafin Ɗangoggo ya gama sauke kaya.

Alhamdu lillahi da likita ya ce yaron yana girma yadda ya kamata, ki ci gaba da ba shi nono, ku riƙa komawa awo. Na san bai ce an wanke mu ba, don kifin da kika ci lokacin ciki ya riga ya shiga. Wannan zan zauna da shi.

Amma Mashkura, ashe tun da kika je ko loma ba ki ci ba? Wai a gidanku mai jego ba ta cin kifi sai ta yi arba'in, Hajiya ta ji nauyin gaya wa suruki, ke kuma kika bi bayanta. Duk godiyar da kike min a waya, da cewa romon ya yi daɗi, ashe ƙamshi kike yabawa. Na yi niyyar yin fushi, na nemi inda zan sa shi na rasa. Al'adar da in da na ji ta tun farko da na yi mata dariya, ita ta tsare nonon ɗana. Ki ce wa Hajiya na gode, kada ki ce mata don me.

Sai dai kin ce rabawa take yi a unguwa, tsarabar surukinta na Abuja, har da gidan mai cikin nan na kusa da masallaci. Kuma wai ta ce ba za ta iya bin gidaje tana cewa abin da ta bayar guba ne ba. Na fahimce ta. Ba ita ta saya ba.

A nan kuwa na tara mutanen layinmu na gaya musu komai, har da sunan wurin. Wasu suka yi salati. Da yamma wani mai gidan abinci ya ja ni gefe, wai tunda na daina saye, in ba shi lambar Zacharias, ai farfesu da yaji ba mai ganewa. Da ba a riƙe ni ba, da daga ofishin 'yan sanda zan rubuto miki wannan. Malama Kauthar ta ce za ta rubuta ƙorafi, na ce ta sa sunana da lambar shagona a sama, in mai kamfanin yana nemana kada ya sha wahala.

Ranar Juma'a ina tafe. Ki sa ƙaninki ya shirya, shi zai nuna min gidajen da kifin ya shiga. Zan yi sallama a kowace ƙofa in faɗa da bakina, Hajiya ba sai ta fito ba. Gidan mai cikin za mu fara.

Ki shafa min kan yaron.

Mijinki,
Nababa