Na'ura Ta Ci Biyar, Ni Na Ci Uku

Gwaggo, ki taimake ni, aurena na neman suɓuce min a kan wata takarda.

Ni mai gyaran agogo ne, shekararmu goma sha huɗu da aure. Maman yara tana aiki a wani ofis inda ake gwada na'urorin nan masu hira da mutum, a ga ko suna da alamun sanin kansu ko maimaita zance kawai suke yi. Alamu goma take dubawa. Ɗaya a ciki ita ce a canza wani abu ba tare da an faɗa ba, a ga ko na'urar za ta lura.

Watan jiya ina neman almakashi a aljihun tebur na ci karo da takardar. Alamun nan goma ne a jere, da layi biyu na maki. Na farko na na'ura, ta ci biyar. Na biyu an rubuta "Baban yara", na ci uku. Ashe maman yara ta canza labulen falo, ta mayar da hoton aurenmu bayan ƙofa, ta daina sa min sukari a shayi, duk ban ce uffan ba. Sukarin na lura, Gwaggo, na ɗauka tsufa ne ya kama harshena.

Ban yi faɗa ba. Na kwafe takardar na kai shago, na haddace ta tas. Na dawo gida ina lura da komai. Na yaba labule, na tambaye ta yadda take ji sau uku kafin la'asar, har na yaba wani tsohon bokiti da ba a taɓa canzawa ba. Da na sake leƙa takardar, ta rubuta da jan biro cewa na haddace, ba a ƙirga wannan. Wai haka suke yi wa na'urar da ta san tambayoyin jarrabawa. Makina ya koma biyu.

Yanzu akwatinta ya sauko daga kan wadirof, yana bakin gado, babu komai a ciki tukuna. Wannan kam na lura. Ina sonta, Gwaggo, tsoro nake ji, ban san inda zan sa kaina ba in ta tafi. Ta yaya zan kai shida?

Mai gyaran agogo

*

Ɗana, ba za ka kai shida ba, ka daina nema.

Matarka ta yi kuskure. Miji ba kayan ofis ba ne, kuma takarda alama kawai take nunawa, ba ta shiga zuciyar kowa. Da ta buɗe baki ta ce ka daina ganinta, da an huta da jan biro. Amma mace ba ta fara ba mijinta maki sai ta gaji da magana ba a ji. Kana ganin ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba a cikin agogo, amma hoton aurenka ya bar bango ba ka sani ba. Dole abin ya ci mata rai.

Yabon bokiti kuma, ka tsaya a nan.

Ka yaga kwafinka. Ka rufe shago da wuri, ka kai yara wajen kakarsu, ka zauna kusa da ita. Ka gaya mata ka ga takardar kuma ta yi maka ciwo. Sannan ka yi shiru ka saurara, ko da abin da za ta faɗa ba zai yi daɗi ba, kada ka tashi kare kanka. Ka kuma faɗa mata da bakinka kana sonta, kana tsoron ta tafi. Ni ka rubuto wa wannan, alhali ba ni ce mai shirin tafiya ba.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya daidaita tsakaninku.