Murhu Goma Sha Biyu da Ba Su Ga Wuta Ba

Dutse, Jihar Jigawa
Laraba, 17 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Sadisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Sa'adiyya da yara. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a karatun da ya kai ka Malesiya, ya dawo mana da kai kafin mu manta kamanninka. Mu nan sai godiya. Inna tana lafiya, ƙafar ce dai ke motsa mata in hadari ya haɗo, kuma ta ce in gaya maka hoton da ka turo bai yi mata ba, wai ka rame kamar ba a dafa abinci a ƙasar. Damina ta yi kyau, gero ya nuna, sai dai wajen Ringim ruwa ya ci wa wasu gonaki. Munira ta shiga aji uku, babanta kuma yana gaishe ka.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Na kira ka sau biyu da niyyar faɗa maka, amma da na ji muryarka sai in ɓuge da tambayar lafiyar yara. Shi ya sa na ɗauki biro. Yaya, an soke darasina.

Kai ka fara nuna mini wannan fanni na tunanin ƙira, kai ka riƙa turo mini littattafai, don haka ka san wahalar da na sha. Shekara biyu ina zarya ofis-ofis kafin jami'a ta yarda in koyar da shi ga ɗaliban digiri na biyu, shi ma na gwajin zango ɗaya, sannan wani kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Yahuza ya duba ko a ci gaba ko a daina. Ranar farko na gaya wa ɗaliban cewa abin ba baƙo ba ne. Kafin ka ƙera wa mutum wani abu, ka je ka zauna da shi ka ga yadda yake rayuwa, ka yi na gwaji mai araha, ka ba shi ya kushe, ka koma ka gyara. Na ce kakanninmu sun riga kowa faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na fito ajin nan ina jin kaina kamar na kawo wa Jigawa abin da ta daɗe tana jira.

Ɗalibaina goma sha tara ne, kuma yawancinsu sun girme ni. Akwai Alhaji Ɗanmusa, darakta a wata ma'aikata, saura shekara biyu ya yi ritaya. Ranar da na raba kwali da almakashi, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya tambaya ko digiri na biyun ne wannan ko kuwa ya yi ɓatan kai ya shigo ajin rainon yara. Wani kuma ya so in faɗa masa wanne ne cikin matakai biyar da littattafan fannin suka lissafa zai fito a jarrabawa. Da na ce kowa ya kawo shawararsa tun tana ɗanya mu taru mu nuna aibinta, sai ajin ya yi tsit. Duk abin da Alhaji ya faɗa, sai madalla. Da ina da hankali, a nan zan gane inda aka dosa. Amma sannu a hankali suka sake, har ran nan na ga Alhaji ya naɗe hannun babbar riga yana kwaɓa yumɓu yana dariya. Wallahi ranar har sujjadar godiya na yi.

Matsalar da muka zaɓa ita ce hayaƙin girki. Ka san idon Gwaggo Luba yadda yake zubar da ruwa kullum, da tarin nan nata da ba ya jin magani. Don haka na ce mu je ƙauyenmu can bayan Kiyawa, gidan Gwaggo da maƙwabtanta, a tunanina mutanena ba za su ɓoye mini komai ba. Na aika cewa muna tafe. Da motarmu ta tsaya, sai muka tarar an shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, an yanka kaji, an dama fura, tuwo yana cikin kwanuka an rufe da faifai. Sau uku muka je, sau uku muka tarar an gama girki tun hantsi, an kashe wuta, an share madafi ƙal. Mazan ajin suka zauna a zaure da magidanta. Matan, mu shida har da wata ɗaliba mai natsuwa, Ruwaida, aka kai mu ɗakin Gwaggo aka zaunar a kan darduma. In muka tambayi matan gari ko hayaƙi yana damunsu, sai su ce sai godiyar Allah. In muka ce ko za su so murhun da ba ya hayaƙi, sai su ce Allah ya saka da alheri. Muka cika takardu da amsoshi. Ko sau ɗaya ba mu ga tukunya a kan wuta ba.

Da taimakon wata mai ginin tukwane daga Jahun muka yi murhu goma sha biyu na yumɓu, dogaye har gwiwa, da ɗan ƙaramin baki na sa itace. Muka gwada wani samfuri irinsu a harabar jami'a da butar shayi, ruwa ya tafasa a minti tara, hayaƙi kaɗan, aka yi ta tafi. Muka raba wa gida goma sha biyu. Na ja Gwaggo gefe na jaddada mata cewa wannan ba kyauta ba ce, gwaji ne, aibinsa muke nema, wadda ta fi kushe shi ita ta fi taimaka mini. Ta ce ta ji. Bayan mako biyu muka koma, gida goma sha biyu baki ya zo ɗaya, murhu ba shi da aibi ko na ƙwayar gero. Muka rubuta haka.

Ranar da kwamiti ya zo gani da ido, kowane gida muka shiga sai mu ga murhunmu a tsakar gida, baƙi ƙirin, alamar ya sha aiki. Farfesa ya yi ta gyaɗa kai, aka ɗauki hotuna, har ya ce mini wannan abu ya kamata a kai shi sauran sassa. A gida na tara ne Ruwaida ta ɗan ja mayafina, ta nuna mini yatsunta. Baƙin ya biyo hannunta kamar kwalli. Na sunkuya na leƙa cikin murhun, sai na gan shi ja wur kamar ranar da aka gasa shi, ko toka babu. Na zaga bayan danga, na taɓa duwatsun nan uku na murhun gargajiya, na ji su da ɗumi. Da motar kwamiti ta tashi, na ce su tafi, zan tsaya in gaida Gwaggo.

Da na tunkare ta da maganar baƙin, ba ta musa ba. Ta ce ita da kanta ta bi gida-gida jiya da yamma da baƙin tukunya da ɗan man gyaɗa, ta shafe su duka. Ta ce 'yar gida ta kawo manyanta, sai su bari ta ji kunya a gabansu? Na tambaye ta to me ya hana su girki da shi. Ta dube ni da idon nan nata mai ruwa, sannan ta tambaye ni wa ya tuƙa tuwon gidan nan shekara bakwai ɗin da na yi a hannunta. Ta ɗauko babbar tukunya ta ɗora a kan murhun, ta miƙo mini muciya ta ce in tuƙa. Yaya, tukunyar ma ba komai a ciki, amma juyi ɗaya na yi ta karkace za ta kife. Ba inda za ka dafe ta da ƙafa, ta yi sama da yawa. Tuwon mutum ashirin kuwa sai an danne tukunya an sa ƙarfi. Ta nuna mini ɗan bakin murhun, ta ce wannan na itacen da aka faskara ne, su kuwa da karan dawa suke girki, kowanne tsawon mutum. Ta ce ita ta ɗauka na san duk wannan, ta zaci wata takarda nake nema a makaranta, shi ya sa suka taru suka taimaka mini. A nan na zauna a kan turmi na yi kuka. Na tsaya gaban dattawa ina koya musu zuwa su ga yadda mutane ke rayuwa, alhali abin da hannuna ya sani tun ina 'yar shekara goma na bar shi a bakin ƙofar jami'a.

Baban Munira ya ba ni shawara in yi shiru, tunda kwamiti ya gamsu. Na kwana uku ina juya maganar, na kasa. Na rubuta gaskiya a rahotona, na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na bayyana cewa wannan faɗuwar ita ce darasin kansa, yanzu ne muka san abin da za mu gyara, a ba mu zango ɗaya mu koma mu zauna a madafi. Farfesa ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce shi a iya saninsa abin da aka gwada a gida goma sha biyu ya faɗi a goma sha biyu sunansa faɗuwa. Wani a kwamitin ya tambaya ta yaya za su tabbatar ba ni na shirya shafa baƙin ba, tunda garinmu ne, daga baya tsoro ya kama ni. Wannan maganar har yau tana tsaye mini a ƙirji. Ba su hukunta ni ba. Sun dai cire darasin, za a mayar da shi babi ɗaya a cikin wani, mako biyu, da tambaya ɗaya a jarrabawa: lissafo matakai biyar.

Washegari Alhaji Ɗanmusa ya zo ofishina yi mini jaje. Ya ce tun ranar da ya ga an yanka kaji ya san ba za mu ji gaskiya ba, don shekara talatin yana raba kaya a ƙauyuka bai taɓa jin wanda ya ce abin da aka ba shi ba shi da kyau ba. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini. Ya yi mamakin tambayar, ya ce ai ba a gyara wa malama a gaban aji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labari ya koma wa Gwaggo. Ta aiko wa Inna cewa sun rufa mini asiri ni kuwa na tona nasu, na rubuta su maƙaryata a takardar hukuma, baƙi suna karantawa. Atamfar da na aika mata ta dawo a ƙullinta. In na kira wayar gidan, sai a ce ta fita, matar da, in ban da ranar shafa baƙin nan, rabonta da fita tun rasuwar mijinta sai asibiti. Na yi biyu babu, Yaya, ba darasi ba Gwaggo.

Na yi ta neman wanda zan ɗora wa laifi ban samu ba. Gwaggo ƙauna ce ta sa ta, Alhaji ladabi ne, Farfesa kuwa lissafinsa daidai ne. Wannan fanni gaba ɗayansa yana tsaye ne a kan a samu mai duban idonka ya ce aikinka bai yi ba. A ina zan samo shi? Duk wanda yake sonka a nan ba zai faɗa ba, wanda ba ya sonka kuwa ba gyara yake nufi ba. Ni kaina da nake koyarwa, sau biyu ka tambaye ni ya aiki na ce maka lafiya lau. Wataƙila akwai hanyar da za a bi, amma ni ban gan ta ba, kuma ƙarfin nema ya ƙare mini. Don Allah ka daina wahalar da kanka da neman mana tallafi, kada kuma ka sake aiko da ƙananan takardun nan masu launi da muke mannawa a bango, akwai kwali biyu da ban buɗe ba. Zango mai zuwa zan koma tsayuwa ina karanto musu suna rubutawa, kamar yadda aka yi mana. Ruwaida ta ce ita za ta koma ƙauyen ba tare da aike ba ta zauna a madafi. Na sa mata albarka, ban gaya mata cewa tana sauka daga mota za a kama kaza ba.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Gwaggo tana jin maganarka, kai ne ɗan ɗakinta. Ka kira ta ka ba ta haƙuri a madadina, ka ce mata ban rubuta sunan kowa ba, kuma ban manta hannun da ya raine ni ba. Darasi ya riga ya tafi, amma ba na so ta bar duniya tana fushi da ni, tarin nan ya ƙaru a daminar bana.

Ka gaida Anti Sa'adiyya da kyau, ka ce na ga saƙonta, Allah ya bar zumunci. Ka shafa mini kan Fiddausi da Abdurrahim, ka ce su riƙa yin Hausa a gida kada su dawo Inna ta rasa abokan hira. Inna da Baban Munira da Munira duk suna gaisuwa, haka ma Kawu Sale da mutanen gidansa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

In ka samu Gwaggo a waya, kada ka ɓata lokacinka wajen tambayarta labarin murhu. Za ta ce maka yana aiki lafiya lau.

Ƙanwarka mai kewarka,
Safina